Man da Ya Ƙare a Tsakiyar Tafki

Rana ta take sosai lokacin da masu wanki a gaɓa suka hango jirgin asibiti yana tahowa babu ƙarar inji. An ɗaura tamfol a jikin ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa, iska tana turo shi kaɗan-kaɗan. Matuƙin jirgin, dattijon da kowa ke kira Baba Sannu-Sannu, yana zaune a baya yana tuƙi da wani katako da ya ɓalle daga daɓen jirgin. Nas tana durƙushe a tsakiya, hannayenta jina-jina, ta naɗe jariri a cikin farar rigarta. Uwar jaririn tana kwance, da ƙyar take numfashi.

Aka kwashe ta a guje zuwa ciki. Sai da Likita ya ga ƙarin jini ya fara karɓar jikinta sannan ya fito, ya sauka kan gadar katako, ya leƙa cikin jirgin. Allurar da ke nuna yawan mai tana tsaye a kan rabi. Ya sa Baba ya buɗe kwaɗon murfin tanki, ya haska ciki da tocila. Tankin a bushe yake ƙayau. Nan take ya karɓe makullin, ya ce wa dattijon ya dakata da aiki, ya kira 'yan sanda.

Sufeton da aka turo mace ce mai matsakaicin shekaru, marar yawan magana. Abokan aikinta sun san ta da hali ɗaya: takan tsaya ta kalli abu har mai abin ya gaji ya fara bayanin da ba a tambaye shi ba. Ta zo da kofur ɗaya. Ba ta fara da jirgin ba. Ɗakin haihuwa ta nufa, ta tsaya bakin gado ta ga mai jegon ta buɗe ido, sannan ta ja Nas gefe.

Nas ta ce da hantsi aka kira su daga tsibiri mafi nisa, naƙuda ta yi gardama. Sun je lafiya, sun ɗauko matar. Sun ɗan wuce rabin hanyar dawowa sai injin ya yi tari, ya mutu. Waya ba ta kamawa a wurin, babu ko kwalekwalen masunci a kusa. Ta ce Baba kam ko gezau. Ya ja igiyar inji sau biyu, ya girgiza tiyon mai, ya gane abin da ya faru, bai ɓata lokaci a kai ba. Ya ce mata ta ji da matar, ruwa nasa ne. Ya kafa tamfol, ya ɓalle katako, ya juya baya don kada matar ta ji kunya. A haka ta karɓi haihuwar, shi kuwa yana tuƙi yana gaya mata sunayen duwatsun da suke wucewa, don ta san suna matsowa.

"Ya duba mai kafin ku tashi?" in ji Sufeto.

"A gabana. Ko gobara ake yi, sai ya tsoma sandar awon nan tasa a tanki."

Sufeto ta sami Baba a kan benci a bayan asibiti. Tafukan hannunsa sun yi bororo sun fashe, ya ɗora su a kan gwiwa kamar ba nasa ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta ce ya ba ta labarin allura da sanda.

Ya ce allurar jirgin nan tun tana sabuwa maƙaryaciya ce. Daga cike zuwa rabi tana faɗin gaskiya, amma da ta kai rabi sai ta kafe a nan, ko da ɗigo ɗaya ya rage. Shi ya sa tun shekarar da aka kawo jirgin ya sassaƙa sandar awo. Ya riƙa zuwa tsibiri mai nisa yana dawowa yana tsomawa, yana yin tsaga a inda man ya tsaya, har tsaga huɗu. Tankin faffaɗa ne ba zurfi, saboda haka tsakanin tsaga da tsaga bai wuce faɗin 'yan yatsu ba. Idan mai ya jiƙa tsaga ta ƙasa, to zai kai tsibirin ya dawo, har da saura mai kyau. Da safiyar nan man yana daidai tsagar ƙasa. Ya yi niyyar shan mai da yamma, sai kiran ya riga shi.

"Makullin kwaɗon tanki fa, Baba, su wa ke da shi?"

"Ni kaɗai."

"Ka san abin da hakan ke nufi."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ko dai ni ne ɓarawon, ko ni ne sakaran. Ki bincika ki gaya mini wanne ne, don ni ma ina so in sani."

Ta tambaye shi ko ya lura da wani canji a 'yan watannin nan. Ya ce akwai. A da idan mai yana tsagar ƙasa, jarka uku ke cika tankin har wuya. Yanzu sai an kusa juye ta huɗu. Ya zargi Mai Famfo da rage awo har suka yi cacar baki, ya kuma sa Bakanike ya duba injin ko ya koyi shan mai. Ba a ga komai ba.

Famfon man yana can ƙarshen gaɓa, ƙarƙashin rumfar kwano. Mai Famfo mutum ne mai tumbi da saurin fushi. Tun kafin ta buɗe baki ya fara rantse-rantse, yana cewa dattijon nan ya ɓata masa suna a gaban masunta. Sufeto ta bar shi ya gama. Ta sa kofur ya ɗauko jarkar ofishinsu da suka san cikinta, aka zuba. Famfon ya ba da daidai.

"Idan jirgin asibiti ya zo, iya ina kake zuba masa?"

"Har wuya. Baba ba ya tafiya sai ya ga mai da idonsa a bakin tanki."

"Ka taɓa shiga rumfar da jirgin ke kwana?"

"Me zai kai ni? Ni nan ake zuwa a same ni."

Ta yi masa godiya ta tafi. A hanya ta ce wa kofur, ko da famfon yana cuta, tankin da aka cika har wuya cikakke ne. Mai Famfo zai iya cutar asibiti a lissafi, amma ba zai iya busar da tanki a tsakiyar ruwa ba.

Bakanike ta tarar a cikin jirgin, Likita ya sa shi ya sake duba injin. Siriri ne, mai dariya, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya ce injin lafiyarsa lau, tiyo ba ya yoyo, tankin ba huda. Game da allura kuwa, ya ce sau biyu yana kwance ta. Akwai wani ƙwallo da ke yawo a saman mai cikin tanki, shi ke gaya wa allura inda mai yake, to hannunsa ne ke maƙalewa a jikin wani ƙarfe idan ya sauko rabi. Ya rubuta a sayo sabo, har yau shiru. Ya ce shi kansa da za a ba shi zaɓi tsakanin sabuwar allura da sandar Baba, sandar zai ɗauka.

"Da kai ne ɓarawo, ba ka da makulli, ta yaya za ka zuƙe man?"

Ya yi dariya. Ya miƙa hannu ya zare tiyon mai daga jikin inji, ya nuna mata wani ƙullutun roba a tsakiyarsa.

"A sa bakin tiyo a jarka, a matsa wannan sau uku, shi ke nan, mai ya kama hanya. Kwaɗon nan ado ne, ranki ya daɗe."

"Kai ma ka iya ke nan."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce ya iya, amma bai taɓa zama shi kaɗai da jirgin ba, kullum Baba na tsaye a kansa kamar mai gadin tukunya. Sufeto ta ce ta ji. Ba ta cire shi daga zargi ba tukuna. Abin da ta samu a wurinsa ya fi haka: makullin da Baba ya saba ratayawa a wuya ba hujja ba ne a kansa.

Jirgin yana kwana ne a wata rumfa da aka gina a kan ruwa. Ta ɓangaren tafki akwai ƙofar ƙarfe da ake kullewa ta ciki. Ta ɓangaren tudu kuwa, sai an bi ta cikin sito, inda ake ajiye katan-katan na magani, rigunan ceto, igiyoyi da jarkoki. Makullin siton biyu ne, ɗaya a wurin Likita, ɗaya a wurin Mai Sito.

Mai Sito ya tarbe ta da fara'a, ya share mata kujera, ya kawo shayi. Mutum ne tsaf-tsaf, komai nasa a jere. Ya ce shi da Baba sun fi shekara ashirin tare, Yaya yake kiransa, Baban ne ma ya yi masa hanyar aikin nan. Ya ce in dai sata ce a cire Yaya a ciki, ko allurar ɗinki ba zai ɗauka ba. Shi a ganinsa ɓarayin tafki ne ke zuwa da kwalekwale. Sufeto ta je ta duba ƙofar ƙarfen. Sakatarta lafiya, yanar gizo-gizo ta rufe tazarar da ke can saman ƙofar inda mutum zai iya haurowa, ba abin da ya taɓa ta.

"Ina sandar take kwana?"

Ya nuna mata wata ƙusa a bangon sito, kusa da ƙofar da ke fita wajen jirgi. Ya ce nan Yaya ke rataye ta kullum idan ya tashi aiki, tun fil azal. Daga nan ya nemi izini zai je kasuwa ya sayo wa Yaya man shafawa na hannu, don na asibiti ya ƙare. Ta ce ya je. Ta taga ta ga ya hau babur ɗinsa, sabo fil, ya buga. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe daga salansa, ya bi shi har bakin titi.

Da ta rage ita kaɗai, ta sa kofur ya ɗauko sandar daga jirgi. Doguwa ce kamar kamu biyu, ta yi santsi saboda riƙo, da huda a sama, da tsaga huɗu a ƙasa. Ta rataye ta a ƙusar, ta koma baya ta tsaya tana kallo. Ta daɗe a tsaye. Shekara da shekaru ana rataye sandar da danshin mai a bakinta, bakin ya bar baƙin tabo a jikin farar ƙasar bango, ɗan zagaye kamar tafin yaro. Amma yanzu bakin sandar bai kai tabon ba. Ta sa hannu ta gwada. Yatsu uku ne cif a tsakaninsu.

Ta sauke sandar ta juya bakinta. Baƙi ne kamar sauran jikinta. Ta kankare da farce. Ƙarƙashin baƙin man da aka goga, farin itace ne sabo, da sawun haƙoran zarto.

Kofur ya tambaye ta me yanke sanda zai amfana wa ɓarawo. Ta ce ya ɗauka sanda ta taɓa gindin tanki. Idan an rage mata yatsu uku a ƙasa, kowace tsaga ta sauko da yatsu uku. Man da bai kai tsaga ba sai ya nuna ya kai. Wanda ya yi wannan ya san allura ba ta da amfani, ya san Baba da sanda yake lissafi, shi ya sa ya bar allura ya kama sanda. Duk cikawa sai ya zuƙe yatsu uku, sanda ta rufa masa asiri. Shi ya sa tankin ke cin jarka ta huɗu. Ta ce kuma wannan ya wanke Baba, don wanda ya yanke sanda ba zai ɗora ransa a kanta ya shiga tsakiyar tafki ba. Saura mutum uku da ke iya kaiwa ga ƙusar nan: Likita, Mai Sito, da Bakanike mai zarto a akwatinsa. Ta gargaɗe shi kada ya ce uffan.

Kafin ta tashi ta sake biyawa ta wajen Bakanike, kamar hira. Ta tambaye shi me ke sa sabon babur hayaƙi mai shuɗi. Ya ce sai dai in an zuba masa fetur mai gauraye da baƙin mai, irin wanda injin jirgi ke sha. Babur ba ya son sa, fulogi yake kashewa.

Washegari da safe ta tara ma'aikatan asibitin ta ce bincike ya kusa ƙarewa. Ta ce an gwada sandar, ita kaɗai ce ba ta ƙarya a jirgin nan, da alama dai tsufa ne ya sa dattijo ya karanta ba daidai ba. Baba ya sunkuyar da kai. Ta ce saura ta je tsibiri mai nisa ta ji ta bakin dangin mai jego, kuma za ta tafi da shaida ɗaya daga asibiti, za ta faɗi ko wane ne. Ta sa su jira a ofishin Likita, ta riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya zuwa rumfar jirgi.

Kowanne abu ɗaya ta gaya masa: kai za ka raka ni, tankin babu komai, ga jarka, ga mazurari, ga sanda, zuba iya wanda zai kai mu ya dawo da mu, kada ka ƙara don man asibiti ne. Bayan kowanne ya fita ta wata ƙofar, kofur ya zare tiyo ya mayar da man cikin jarka.

Likita ya yi ta gunaguni cewa yana da marasa lafiya a layi. Ya zuba, ya tsoma, ya ga man ya jiƙa tsagar ƙasa, ya ajiye jarka ya goge hannu. Bakanike ma haka, yana zuba yana fito, da man ya taɓa tsaga ya tsaya cak, ya ce wannan har da na yawo.

Mai Sito ya shigo yana murmushi. Da ya ji shi zai shiga ruwa, murmushin ya ragu. Ya ce shi fa bai iya iyo ba. Sufeto ta ce ga rigar ceto, kuma ai ba abin da zai faru tunda sanda ba ta ƙarya. Ya ɗauki jarka ya zuba. Ya tsoma sanda, man yana daidai tsagar ƙasa. Ya dubi sandar, ya saci kallon Sufeto, ta juya tana kallon ruwa. Ya ƙara. Ya tsoma. Ya sake ƙarawa kaɗan, ya tsoma, sannan ya sauke numfashi ya rufe jarka.

Ta karɓi sandar tun danshin bai bushe ba, ta ja layi da alli a inda man ya tsaya.

"Ka wuce tsaga."

"Na ga gara a yi hattara, ranki ya daɗe, bayan abin da ya faru."

"Hattara ba ta da laifi. Mai hattara yakan juye jarkar duka, ko ya tsaya a tsaga ta biyu. Kai ka tsoma sau uku kana neman wani wuri da babu alama. Me ke wurin?"

Ta sa aka kira sauran, har da Nas da Baba. A gabansu ta ɗora yatsunta uku tsakanin tsaga da layin alli, suka cike wurin. Ta shiga sito ta rataye sandar a ƙusa, ta ɗora yatsun nan uku tsakanin bakin sanda da tabon bango, suka cike wurin. Ta nuna musu farin itacen da ta kankare. Sannan kofur ya shigo da kwalabe biyu, ɗaya fetur daga famfo, ɗaya wanda ya tsiyayo daga tankin babur ɗin Mai Sito. Na famfo garau yake. Na babur ya yi duhu, launinsa ɗaya da na jarkar jirgi.

Sufeto ta yi bayani a taƙaice. Ta ce ba ta ƙofar ruwa aka shigo ba, ba kuma ta murfin tanki aka ɗebi man ba, ta tiyo ne, saboda haka wanda ya yi yana da hanyar shiga sito shi kaɗai. Likita da Bakanike sun yarda da tsaga don ba su san an taɓa ta ba. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan ya san tsagar ƙasa ba za ta dawo da jirgi ba, ya kuma san iya abin da ya ɓata, don shi ya yanke. Da aka ce ransa ne a kan sandar, sai ya mayar da abin da ya cire, ba ragi ba ƙari.

Mai Sito ya zauna a kan katan. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce da kwalba ɗaya ya fara, ranar da babur ɗinsa ya tsaya masa. Da ya ga ba a gane ba sai ya koma galan, yana sayar wa masu injin ban ruwa. Da ya ji Yaya ya fara ƙorafin lissafi bai fita ba, sai ya rage yatsa ɗaya a sandar. Daga baya ya ƙara, ya sake ƙarawa.

Duk wannan Baba yana tsaye bakin ƙofa, hannayensa naɗe da bandeji. Sai yanzu ya yi magana, a hankali.

"Jiya da aka kira mu, kai ka ciro sandar nan daga ƙusa ka miƙo mini. Ka ji an ce naƙuda ce. Jarka cike tana bayanka."

"Na ɗauka zai kai, Yaya. Kullum kana dawowa da saura."

"Sauran nan ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Na ranar da iska ta juya ne, da ranar da aka ɗauko mace irin ta jiya. Da ka ce mini ɗauki jarka, ba sai ka faɗi dalili ba, da na ɗauka."

Mai Sito ya rufe fuska da hannu biyu. Kofur ya ɗaga shi ya fita da shi zuwa mota.

Likita ya daɗe yana juya makullin kwaɗon a hannunsa. Ya matso ya ce ya yi gaggawar hukunci, ya ba dattijon haƙuri a gaban kowa, ya miƙa masa makullin. Baba ya ce babu komai, shi ma da ya ga busasshen tanki da makulli a wuyan mutum ɗaya, abin da zai zata ke nan. Ya ce Nas ta karɓa ta ajiye masa tunda hannun bai riƙo. Ya roƙi Likita abu biyu: a sayo ƙwallon allurar nan da Bakanike ya daɗe yana nema, kuma daga yau kada jirgin ya sake tashi babu jarka cike a ƙarƙashin benci, ko me sanda ta ce. Sufeto ita ma ta ba shi haƙuri kan maganar tsufa da ta yi da safe. Ya ce ya ji zafinta, amma da ya ga ba ta kalle shi ba lokacin da take faɗa, ya san akwai abin da take dafawa.

Ta fito za ta shiga mota sai ga shi ya biyo ta. Ya ce yana da roƙo. Gidan Mai Sito yana kan hanyar ofishin 'yan sanda, matarsa na zama a ƙofar gida tana ɗinki, tana da hawan jini, kuma 'ya'yan gidan da Baba suke kiransa. Ba ya so ta ga mijinta a bayan motar 'yan sanda kafin wani ya zaunar da ita ya gaya mata. Yana so shi ya je.

"Bayan abin da ya yi maka, Baba?"

"Shi ya yi. Ita ba ta yanke komai ba."

Sufeto ta dube shi, ta dubi bandejin da jini ya fara ɓullowa ta tafinsa. Ta ce a kai shi a babur, ya ce a'a, yana so ya yi tunanin abin da zai faɗa a hanya. Ya gyara hularsa da bayan hannu ya kama titi.

Kofur ya riga ya tayar da mota. Ta ce ya dakata. Ya matsar da ita ƙarƙashin inuwa ya kashe, suka zauna su uku, mai laifin a baya. Sai da ta ƙiyasta dattijon ya isa, ya yi sallama, an ba shi wurin zama, sannan ta ce su tafi, su bi ta bayan kasuwa, ba ta ƙofar gidan ba.